Tarihin Raƙumin Dawa na Nijar: Daga Dutsen Dabus zuwa Dajin Gadabeji

1.0 Gabatarwa

Duk matafiyin da ya bar Yamai ya kama hanyar Doso, idan ya yi tafiyar kilomita 60 ko kusa da haka, zai iso wani gari da ake kira Kure. A dajin da ke kewaye da wannan gari, da kuma kwarin Dallol Boso da ke gabas da shi, ake samun mafi yawan raƙuman dawan da suka rage a Afirka ta Yamma. Kafin shekarar 2018 ma, babu su a ko'ina sai nan. Waɗannan dabbobi ba a cikin shinge suke ba. Suna kiwo ne a tsakanin gonakin gero da wake na Zabarmawa, suna ratsa burtalin shanun Fulani, wani lokaci har su tsallaka kwalta a gaban motoci.

A shekarar 1996 an ƙidaya su, aka tarar guda 49 kacal suka rage. Bayan shekara 21, wato a 2017, ƙidaya ta nuna sun kai 607. Wannan abin farin ciki ne, amma ya haifar da wata tambaya da ta dami masana: idan dabba ta ragu har ta kusa ƙarewa, sannan ta sake yawaita, shin ta koma yadda take tun farko? A wannan takarda za mu bi tarihin raƙumin dawa na wannan yanki tun daga zamanin da, mu ga yadda ya ragu, da yadda ilimin gado ya sauya fahimtar mutane game da shi, da kuma matsalar da ke gaban masu kula da shi.

2.0 Sunan dabbar da daɗewarta a yankin

Bahaushe ya dubi dogon wuyan wannan dabba da dogayen ƙafafunta, sai ya kira ta raƙumin dawa, wasu kuma su ce raƙumin daji. Girkawan da ma da raƙumi suka kwatanta ta. Sun haɗa kalmarsu ta raƙumi da kalmarsu ta damisa, saboda dabbare-dabbaren jikinta, kuma daga nan aka samu sunan camelopardalis da masana kimiyya ke amfani da shi. Larabawa kuwa suna ce mata zarafa, kuma daga wannan kalma harsunan Turai da yawa suka aro sunanta.

Wata tsohuwar shaida game da zamanta a ƙasar da ake kira Nijar a yau tana kan dutse. A Dabus, arewa da Agadas a gefen tsaunukan Abzin, akwai zanen raƙuman dawa guda biyu da aka sassaƙa a jikin wani falalen dutse. Babban cikinsu ya fi mita 5 tsawo, kuma an fitar da dabbare-dabbarensa ɗaya bayan ɗaya. Masana sun ƙiyasta cewa zanen ya kai shekara 6,000 zuwa 8,000. A wancan zamani Sahara tana da ciyawa da itatuwa da tafkuna. Wanda ya yi wannan aiki ya san dabbar ido da ido, domin ba a zana irin wannan da labari. Da ruwan sama ya ragu, hamada ta mamaye wurin, sai dabbobin suka yi ta ja da baya zuwa kudu.

3.0 Kyautar sarakuna

A rubutaccen tarihi, raƙumin dawa na ƙasashen Sudan ya fito ne a matsayin kyautar sarakuna. Ibn Khaldun ya ba da labarin cewa a shekarar 1257 sarkin Kanem da Barno ya aika wa Sarki al-Mustansir na Tunis kyaututtuka, a cikinsu har da raƙumin dawa, kuma jama'ar birnin suka yi cincirindo wajen kallonsa. Haka nan ya ruwaito cewa Mansa Mari Jata na Mali ya aika da wani zuwa fadar Sarki Abu Salim a birnin Fas na Maroko, ya isa can a ƙarshen shekarar 1360.

Waɗannan labarai biyu suna koya mana abu biyu. Na farko, dabbar tana nan daga yankin tafkin Cadi har zuwa daular Mali. Na biyu, tun a wancan lokaci abu ne mai daraja da masu mulki ke neman zumunci da shi. Kamar yadda za mu gani a gaba, wannan al'ada ba ta mutu ba, kuma ta kusa jawo wa garken ƙarshe halaka.

4.0 Zuwan Turawa da raɗa suna

A shekarar 1758 masanin nan ɗan ƙasar Suwidin, Carl Linnaeus, ya sanya raƙumin dawa a cikin tsarinsa na sunayen halittu. Daga baya, yayin da Turawa suka bazu cikin Afirka, sai fatu da ƙasusuwa suka riƙa isa gidajen tarihi na Turai daga sassa dabam-dabam. Masana suka lura cewa launi da fasalin dabbare-dabbaren sun bambanta daga wani yanki zuwa wani. Saboda haka suka kasa dabbar zuwa rassa, kowane reshe da sunansa.

A shekarar 1898 Oldfield Thomas, ma'aikaci a gidan tarihin halittu na London, ya binciki ƙasusuwan wani raƙumin dawa da aka harbe kusa da Lokoja, inda kogin Kwara ya haɗu da Binuwai. Ya ba shi suna peralta, kalmar Latin mai nufin dogo ƙwarai. Wannan shi ne sunan reshen Afirka ta Yamma har yau. Mai karatu zai lura cewa dabbar da aka raɗa wa sunan a Nijeriya aka same ta, ƙasar da a ƙarshe ta rasa nata garken.

A shekarun ƙarshe na ƙarni na 20, ra'ayin da ya fi karɓuwa shi ne cewa raƙumin dawa jinsi ɗaya ne mai rassa 9. Ana rarrabe rassan ne da ido: launin fata, da tsarin dabbare-dabbare, da yawan ƙahonni, da wurin da aka samu dabbar. A bisa wannan ma'auni, an ɗauki raƙuman dawan Nijar da na arewacin Kamaru da wasu na Cadi duk a matsayin peralta.

5.0 Yadda garken ya ragu

A farkon ƙarni na 20 ana samun raƙumin dawa daga Senegal, ta Muritaniya da Mali da Nijar da arewacin Nijeriya, har zuwa tafkin Cadi. Kafin ƙarnin ya ƙare ya ɓace daga kusan dukkan waɗannan wurare. Dalilai uku ne suka haɗu.

Na farko shi ne bindiga. Ana farautar dabbar tun da, domin nama da fata da gashin wutsiya, amma mai mashi a kan doki ba ya kashe abin da mai bindiga a cikin mota ke kashewa. Na biyu shi ne yawaitar jama'a da faɗaɗa gonaki. Raƙumin dawa ganyen itace yake ci, don haka duk inda aka sare daji an rushe masa rumbu. Na uku shi ne fari, musamman na 1968 zuwa 1974 da na 1983 zuwa 1985. Itatuwa sun bushe, mutane sun shiga yunwa, dabbar daji kuma ta zama abinci.

A cikin shekarun 1970 aka daina ganin su a yankin Gadabeji da ke arewacin jihar Maraɗi. Waɗanda ke bakin kogi wajen Ayoru, kusa da iyakar Mali, su ma suka watse. Abin da ya saura sai ya tattaru a yankin Kure da Dallol Boso. Wurin ya dace da su ta wata fuska. Da damina suna hawa tudun Fakara, inda akwai geza da sabara da taramniya da suka fito jeri-jeri. Da rani kuma su gangara kwari wajen Harikanasu, inda gawo ke fid da ganye a lokacin da sauran itatuwa suka kakkaɓe.

Shekarar 1996 ita ce mafi muni. A wannan shekara gwamnatin soja ta lokacin ta sa a kamo wasu domin a kai wa shugabannin ƙasashe maƙwabta kyauta. Kamun raƙumin dawa aiki ne mai wuya, domin idan ya daɗe a kwance ko ya firgita ƙwarai mutuwa yake yi. Da dama sun mutu a wajen kamun. Ƙidayar wannan shekara ce ta ba da adadin 49 da muka ambata.

6.0 Mene ne gado, kuma me ƙarancin garke ke yi masa?

Kafin mu ci gaba, ya kamata mu fayyace wasu kalmomi. Jikin kowace dabba an gina shi ne da ƙananan ƙwayoyin halitta. A cikin kowace ƙwaya akwai wani dogon zare da ke ɗauke da bayanin yadda jikin zai kasance. Masana na kiransa DNA, mu kuwa a nan za mu ce masa zaren gado. Gutsattsarin zaren da ke kula da wata siffa, kamar launi ko ƙarfin jure wata cuta, su ne ƙwayoyin gado. Kowace dabba tana samun kwafi biyu na kowace ƙwayar gado, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Idan a cikin garke akwai nau'o'i da yawa na waɗannan ƙwayoyi, sai mu ce garken yana da yalwar gado.

Manomi ya san wannan al'amari ko da bai shiga aji ba. A ce yana da irin gero kala-kala a rumbu: mai saurin nuna, da mai jure fari, da wanda tsuntsu ba ya so. Sai yunwa ta zo, aka cinye komai, ya rage masa cikin tafin hannu ɗaya. Idan ya shuka wannan, bayan shekara kaɗan rumbunsa zai sake cika. Amma duk nau'in da bai shiga cikin tafin hannun ba ya tafi ke nan. Haka abin yake ga dabbobi. Duk raƙuman dawan Nijar na yau zuriyar waɗannan 49 ne, ba su da wani gado sai wanda kakanninsu suka tsira da shi.

Akwai lissafin da masanin Amurka Sewall Wright ya kafa tun shekarun 1930. A kowane hawa na zuriya, wato daga iyaye zuwa ƴaƴa, garke yana asarar kashi ɗaya cikin ninki biyu na adadin masu haihuwa. Mu ɗauki misali. Idan masu haihuwa 25 ne, asarar ita ce 1 cikin 50, wato kashi 2 cikin 100. Idan garken ya tsaya haka hawa 3, asarar za ta kusa kashi 6. Idan ya tsaya hawa 10, za ta kai kashi 18. Hawa ɗaya na raƙumin dawa wajen shekara 10 ne. Sannan ba kowace dabba ke shiga lissafi ba. Ƙanana da tsofaffi ba sa haihuwa, kuma manyan maza kan hana ƙanana barbara. Idan maza 5 ne kaɗai ke barbarar mata 20, lissafin Wright ya nuna cewa ta fuskar gado tamkar dabba 16 ce, ba 25 ba.

Matsala ta biyu ita ce barbara tsakanin ƴan jini ɗaya. A cikin kowane garke akwai ƙwayoyin gado masu lahani da ke ɓoye, waɗanda ba sa bayyana sai dabba ta gaji iri ɗaya daga uwa da uba. Idan uwa da uba dangi ne na kusa, damar haɗuwar nan tana ƙaruwa. Sakamakon kan zama raunin haihuwa da mutuwar ƙanana. Wannan ne ya sa makiyayi ke sauya bijimi, ko ya aro na wani garke.

7.0 Binciken 2007: kama da wane ba wane ba ne

Har zuwa farkon shekarun 2000, masu kula da namun daji suna da wani abin kwantar da hankali. Suna ganin ko da garken Kure ya ƙare, akwai peralta a gandun dajin Waza na Kamaru, akwai kuma a gidajen namun daji na Faransa, inda aka rubuta wannan suna a jikin allo.

A shekarar 2007 Alexandre Hassanin na gidan tarihin halittu na Paris da abokan aikinsa suka gwada wannan zato. Sun yi amfani da wani ɗan gajeren zaren gado da ke cikin sashen ƙwayar halitta mai suna mitokondiriya. Wannan zare ta wajen uwa kaɗai ake gadonsa, saboda haka yana da amfani wajen bin salsala. Sakamakon ya nuna cewa raƙuman dawan arewacin Kamaru da Cadi da Afirka ta Tsakiya, har da waɗanda ke gidajen namun daji na Turai da sunan peralta, duk na reshen Kordofan ne, wanda ake kira antiquorum. Na Nijar kuwa salsalarsu dabam take. Wani abin mamaki shi ne, ta wannan zare na uwa sun fi kusa da wasu raƙuman dawan gabashin Afirka fiye da maƙwabtansu na Kamaru. Masu binciken sun kawo hasashen cewa kakanninsu sun biyo ta arewacin Afirka ne, sannan suka gangaro yamma da hamada ta bushe, kuma tsohon tafkin Cadi, wanda a da ya ninka na yanzu sau da yawa, mai yiwuwa shi ya raba su da na gabas.

A cikin shekarar dai, David Brown na Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles da abokansa suka wallafa wani bincike da ya shafi nahiyar gaba ɗaya. Sun gano aƙalla salsala 6 da kusan ba sa cuɗanya da juna, ko da a wuraren da babu kogi ko dutse a tsakaninsu. Na Nijar na ɗaya daga cikin shidan.

Ma'anar wannan ga Nijar a fili take. Babu wani ajiyayyen garke a wata ƙasa. A lokacin, abin da ke Kure shi ne duka. A shekarar 2008 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sanya peralta a jerin dabbobin da ke cikin haɗarin ƙarewa. Ba dabbar ce ta sauya ba, sanin da aka yi mata ne ya sauya, kuma wannan sani ya ƙara mata daraja a idon gwamnati da masu ba da tallafi.

8.0 Jinsi ɗaya ko huɗu?

Muhawarar ba ta tsaya nan ba. A shekarar 2016 Julian Fennessy na gidauniyar kare raƙumin dawa, GCF, da Axel Janke na cibiyar Senckenberg da ke Frankfurt a Jamus, tare da wasu, suka binciki samfuri daga dabbobi 190. A wannan karo sun haɗa da zaren gadon da ake samu daga uwa da uba duka. Suka ce raƙumin dawa jinsi 4 ne: na arewa, da na kudu, da na Masai, da mai zanen raga na arewacin Kenya da Somaliya da kudancin Habasha. Wasu masana sun ƙi yarda, wasu suka ce 3 ne, wasu suka ce sun fi haka. A 2021 Raphael Coimbra da abokansa suka karanta zaren gado gaba ɗayansa, suka sake samun rukuni 4. A ƙarƙashin jinsin arewa akwai rassa 3: na Nubiya, da na Kordofan, da na Afirka ta Yamma. A watan Agusta na 2025 kwamitin masana na IUCN ya amince da rabon huɗu.

Ɗalibi zai iya tambaya, mene ne amfanin wannan jayayya kan suna? Amfaninta shi ne, da suna ake ƙidaya, da ƙidaya kuma ake raba kuɗi da kulawa. A 2016 IUCN ta ƙiyasta cewa raƙuman dawan Afirka sun ragu daga sama da 150,000 a 1985 zuwa wajen 97,500 a 2015. Idan jinsi ɗaya ne, yawan na kudancin Afirka, waɗanda ke ƙaruwa, zai rufe ƙarancin na arewa. Idan an raba su, sai a ga cewa jinsin arewa ƴan dubbai ne kawai, a warwatse cikin ƙasashen da yawancinsu ke fama da rikici.

9.0 Farfaɗowa a Kure

Mu koma Kure. Bayan asarar 1996, abubuwa da dama sun haɗu suka ceci garken. Masaniyar halayyar dabbobi ƴar Faransa, Isabelle Ciofolo, ta yi shekaru tana nazarinsu tana jawo hankalin hukuma. An kafa ƙungiyar kare raƙuman dawan Nijar, ASGN. Dokar farauta ta 1998 ta ba dabbar cikakkiyar kariya, ma'aikatan gandun daji kuma suka tsananta tsaro. Matasan yankin suka kafa ƙungiyar masu yi wa baƙi jagora. Daga 2001 gidan namun daji na Doué-la-Fontaine a Faransa ya shiga tallafa wa ƙauyuka da rijiyoyi da ƙananan basussuka, bisa fahimtar cewa manomin da raƙumin dawa ya ci masa wake ba zai ƙaunace shi ba sai ya ga wata riba.

Ana ƙidayar dabbobin ne ta hanyar ɗaukar hoton kowace ɗaya ta dama da hagu, domin babu biyu masu zane iri ɗaya. Daga 49 zuwa 607 cikin shekara 21 na nufin ƙaruwar kashi 12 zuwa 13 cikin 100 a kowace shekara. Wannan sauri ne ƙwarai ga dabbar da ke ɗaukar ciki wata 15 ta haifi ɗa guda. Babban dalili shi ne babu zaki a yankin, don haka yawancin ƙanana suna rayuwa. A 2018 IUCN ta sassauta matsayin reshen daga mai haɗarin ƙarewa zuwa mai rauni. A 2019 kuma, Nijar na cikin ƙasashe 6 na Afirka da suka nemi a sa ido kan cinikin sassan jikin raƙumin dawa tsakanin ƙasashe, aka kuma amince da haka a taron Geneva.

10.0 Abin da jini ya nuna

A shekarar 2022 Coimbra da abokansa suka wallafa bincike na musamman kan reshen Nijar da na Kordofan. Sun samu abubuwa uku. Na ɗaya, rassan biyu sun fara raguwa sannu a hankali tun wajen shekara 10,000 da suka wuce, wato tun kafin bindiga. Na biyu, yalwar gadonsu matsakaiciya ce idan aka kwatanta da sauran raƙuman dawa, ba ta lalace kamar yadda aka ji tsoro ba. Wannan ya yi daidai da lissafin da muka yi a sama, domin garken bai daɗe yana ƙarami ba. Na uku, alamun barbarar dangi ta kwanan nan sun fi yawa a garken Nijar da kuma na gandun Garamba a Kwango. Ke nan, shekarun ƙunci sun bar tabo a cikin jini, ko da ido bai gan shi ba.

A nan ne masu kula da namun daji ke fuskantar zaɓi mai wuya. Akwai misalin da aka yi a Amurka. A farkon shekarun 1990 wata babbar kyanwar daji ta jihar Florida, dangin fuma, ta ragu zuwa 20 ko 30. Aka riƙa ganin lanƙwasasshiyar wutsiya da ciwon zuciya da raunin maniyyi. A 1995 aka kawo mata 8 daga jihar Texas aka sake su. Cikin shekara 15 adadin ya ninka wajen sau 3, lahanin kuma ya ragu. To, me zai hana a kawo raƙuman dawa daga Waza ko daga Zakuma ta Cadi a zuba a Kure? Abin da zai hana shi ne binciken 2007. Idan aka gauraya su, abin da ya sa peralta ya zama na dabam zai narke, kuma ba a iya warware shi daga baya. Muddin garken yana haihuwa lafiya, hujjar barinsa shi kaɗai ta fi ƙarfi. Idan kuwa wata rana lahani ya bayyana, dole a sake auna wanne ya fi: tsarkin salsala ko lafiyar dabba. Shi ya sa masu binciken suka ba da shawarar a riƙa bibiyar gadon garken a kai a kai.

11.0 Komawa Gadabeji

Akwai wani haɗari da ya fi na gado gaggawa, wato kasancewar dukkan garken a wuri ɗaya. Annoba ɗaya ko fari ɗaya na iya shafe shi. Ga kuma saran itace domin girkin Yamai, da faɗaɗa gonaki a kan tudu, da motocin da ke kaɗe dabbobi a kan hanya. Saboda haka a watan Nuwamba na 2018 gwamnatin Nijar da GCF da ƙungiyar kare namun Sahara suka ɗauki raƙuman dawa 8 a mota, suka yi tafiyar fiye da kilomita 800 da su zuwa gandun Gadabeji. An keɓe wannan daji tun 1955, kuma UNESCO ta amince da shi a 2017. A wannan karo ƙwararru ne suka yi kamun, aka kuma ajiye dabbobin a shinge na ƴan makonni domin su saba kafin tafiya. A 2022 aka samu haihuwar farko a can, aka kuma ƙara kai wasu 4.

Hikimar wannan mataki ta bayyana ta hanyar da ba a so. Ranar 9 ga Agusta 2020 ƴan bindiga suka kashe mutum 8 a dajin Kure: Faransawa 6 ma'aikatan agaji, da direbansu, da shugaban masu yi wa baƙi jagora. Zuwan baƙi ya yi ƙasa ƙwarai, kuɗin da ƙauyuka ke samu ta wannan hanya kuma ya ragu.

Sai dai ta fuskar gado, Gadabeji ma tana da tata matsala. Dabba 12 da aka ɗebo daga zuriyar 49 cikin tafin hannu ne da aka ɗiba daga wani cikin tafin hannun. Idan aka bar su su kaɗai, asarar gadonsu za ta fi ta Kure sauri. Maganin shi ne a riƙa ƙara musu sabon jini daga babban garken lokaci zuwa lokaci, yadda rukunonin biyu za su zama kamar garke ɗaya mai mashaya biyu.

12.0 Kammalawa

A wannan takarda mun ga cewa raƙumin dawa ya daɗe a wannan yanki tun Sahara tana kore, ya shiga fadar sarakuna a matsayin kyauta, sannan ya ragu zuwa 49 a cikin ƙarni guda. Mun ga yadda rarrabewa da ido ta ruɗi masana har zuwa 2007, da yadda binciken gado ya nuna cewa garken Nijar ba shi da madadi. Amsar tambayar da muka fara da ita kuwa ita ce: adadi ya dawo, yawancin gadon ya tsira, amma wani ɓangare ya salwanta, kuma dangantakar jini a cikin garken ta yi kusa. Abin da ya rage zai ɗore ne idan garken ya ci gaba da yawaita, idan aka bar masa gawo da geza, kuma idan manomin Fakara da makiyayin Gadabeji suka ga cewa zaman dabbar a kusa da su ya fi rashinta amfani.